Shirun aji ba shaidar karatu ba ne

Akwai wani yabo da ake yi wa malamin lakkol a ƙasar nan wanda duk lokacin da na ji shi sai raina ya ɓaci. Sai ka ji an ce: "Kai, mushe wane ya iya riƙon aji! In yana kur, ko ƙuda ya gitta sai ka ji shi." Uwaye na faɗin haka, darektoci na faɗi, masu zuwa duban aiki na rubuta shi cikin rahoto. Har a ɗakunan kwananmu na jami'a, in hira ta yi daɗi, sai ka ji wani yana alfahari da mushensu na CM2 wanda in ya yi gyaran murya yaro na iya sakin fitsari a wando. To ni tambayata guda ce, ƴan'uwa: cikin wanga shiru da ake yabo, wa ke koyon wani abu?

Amsar ba daga bakina take ba. A 2014 PASEC ta gwada yaran firamare a ƙasashe 10 na Afirka masu aiki da faransanci, Nijar ta zo ta ƙarshe. Cikin yara 10 da suka kai ƙarshen firamare, fiye da 9 ba su kai matakin da za a ce yaro ya iya karatu ba, haka ma lissafi. Shekara 6 ke nan bisa tabarma ko banci, hannu harɗe a ƙirji. Gwajin 2019 ya nuna an ɗan motsa, amma mafi yawansu na nan ƙasa da layin. Yaran nan ba rashin ladabi suka yi ba. An ce su yi shiru, sun yi. An ce su kwafe tablo cikin kaye, sun kwafe. Duk abin da aka nema gare su sun bayar, abin da aka yi musu alkawari ne bai zo ba.

Shirun kuma kala biyu ne. Akwai na baki rufe, wanda kowa ya sani. Akwai kuma na amshi, wanda ya fi haɗari don yana kama da rai. Mushe ya ce: "Vous avez compris?" Aji duka ya ɗauka: "Oui monsieur!" Ya fara jimla ya ja wasalin ƙarshe, yara su ƙarasa mishi ita da ƙarfi har maƙwabta su ji. Mai wucewa ta bayan danga sai ya ce lalle ana karatu a nan. Alhali wata yarjejeniya ce da ba a rubuta ba tsakanin mushe da yara: ni ba ni tambayar ku abin da zai tona ku, ku ma kar ku tambaye ni abin da zai tona ni. Ka ware yaro guda cikin masu amshin nan ka ce ya faɗa maka da hausa mi aka ce yanzu, ka ga yadda zai sunne kai.

Ina da kawu, ƙanen uwata, malamin kwantaragi a wani ƙauye cikin ƙasar Tasawa. Shekararshi ta tara ke nan yana riƙe da aji, bana CE2 gare shi, yara sun haura 70. Bai taɓa karanta wani babban littafin ilimin koyarwa ba, kuma in ka ce mishi yana da falsafa dariya zai yi maka. Amma yana da ra'ayi, ra'ayin kuma a tsaye yake. A ganinshi, abin da hannun yaro bai taɓa ba, bakinshi bai faɗa da kalmominshi na kanshi ba, ajiya ce aka ba shi, kuma ranar jarrabawa zai maida wa mai ita kayanshi ya wuce. Yakan ce ranar da ya fito aji muryarshi a dishe, ya san shi ya yi aikin da ya kamata yara su yi.

Ga yadda ya koyar da mita. Bai rubuta komi a tablo ba. Ya fidda yara waje, ya raba su, ya ce kowane gungu ya auno mishi tsawon bangon aji da kamu. Suka dawo da amsa iri-iri, wasu 19, wasu 22, wasu 24. Gardama ta kaure, kowa na cewa ɗayan ne ya yi kuskure. Ya bar su suka sake awo, amsa ta sake bambanta. Sai da wata yarinya ta kama hannun wani dogon yaro ta kara da nata, ta ce ai kamunshi ya fi nata tsawo, sannan aji ya gane inda gizo ke saƙa. Daga nan su da kansu suka ce a nemi kara guda kowa ya auna da shi. Lokacin ne kawu ya fiddo sandar mita daga bayan ƙofa, ya ce musu ga karan da duniya ta yarda da shi. Darasin ya ci safiya guda. A tablo minti goma ya ishe shi: a rubuta, a ja layi da jan alli, a hardace. Bambancin shi ne yaran kawu sun san don mi aka yi mita, saboda sun ɗanɗani rikicin da ake shiga in babu ita.

Da aka koma lakkol watan Oktoba, lokacin ana cikin girbi, ya aike su gonakin gidajensu kowa ya kawo zangarniyar hatsi biyu, ɗaya daga ƙarƙashin gawo, ɗaya daga fili nesa da itace. Aka auna, aka jera lambobi gida biyu a tablo, aka kwatanta. Daga nan tambayoyi suka yi ta fitowa daga bakin yara. Don mi gawo ke zubda ganye da damina alhali sauran itatuwa lokacin suke kore? Mi dabbobi ke bari a gindinshi da rani in sun zo shan inuwa da cin ƴaƴanshi? Abin da littafin kimiyya bai kawo ba, ya ce su je su tambayo tsofaffi. A yankin Maraɗi da Damagaram ne manoma suka raya miliyoyin itatuwa tun daga shekarun 1980 ta hanyar barin tohon kututture ya girma a gona, aikin da masana ke tahowa daga ƙasashen waje su gani. Ɗiyan manoman kuwa na zaune a aji suna hardace sassan fure daga zanen wani tsiro da ba su taɓa gani ba.

Mi kawu ya samu a sakamako? Mai duban aiki ya zo, ya iske yara warwatse a fili, wasu na gardama da ƙarfi, da hausa kuma. Ya duba kayen shirin darasi ya ga an yi baya da sati uku ga tsarin shekara. Ya rubuta cewa malami bai riƙe ajinshi ba, bai bin matakan darasi, yana yawan amfani da harshen gida. Bai kira yaro ko guda ya ba shi igiya ya ce auno mini ƙofar can ba. Da ya yi haka da ya ga abin da ya zo nema, in dai shi ya zo nema. Takarda ya zo dubawa, takarda ya duba, ya hau babur ɗinshi ya koma.

Ku dubi maganar kuɗɗi, don nan ne abin ya fi ba ni haushi. Yarinya ƴar shekara 9 mai tallan ƙosai, wani ya sayi na dala goma sha biyar ya miƙa mata dala ɗari. Kafin ya maida hannu aljihu ta ƙirgo mishi canjin dala tamanin da biyar, ba ta yi kuskuren ko dala guda ba, don ta san abin da ke jiran ta gida in ta yi. Kuma ku lura da abin da kanta ke yi: ƙwandalar da aka rubuta wa 100, ita dala ashirin take ce mata, wadda aka rubuta wa 500 dala ɗari. Wato kullum tana raba lamba gida biyar tana ruɓanya ta sau biyar ba tare da kowa ya gaya mata sunan abin ba. Gobe da safe ta shiga aji, a rubuta mata 500 − 75, a karanta mata shi da faransanci, ta kasa, a ba ta sifili, a ce ba ta da kan lissafi. Faransancin ma da ake karanta mata lambar da shi, 97 nashi "huɗu, ashirin, goma, bakwai" ne, shi ya sa za ka ga yaro ya rubuta 420107 cikin ardwaz da gaskiyarshi, ya rubuta abin da ya ji. Wanga abu ba a nan kaɗai aka gan shi ba. A Recife ta ƙasar Burazil, wasu masu bincike sun bi yara ƴan talla cikin shekarun 1980, suka iske a wurin sana'a kusan duk lissafinsu daidai ne, amma da aka ba su irin lissafin nan bisa takarda sai suka faɗi ƙasa da rabi. Kawu da ƙwandaloli yake fara gidan biyar na ruɓanyawa, kuma yaran talla ne ke gyara wa ɗiyan ma'aikata.

Yanzu bari in shiga gonata, tunda kimiyyar harshe nake karantawa. Duk mai cewa a sa yaro a tsakiyar darasi, amma ya hana shi harshen da yake tunani da shi, wasa yake da hankalinmu. Da mi yaron zai yi tambaya? Da mi zai ce "ban yarda ba"? Yaro ɗan shekara 7 da ya shigo CI ya riga ya mallaki nahawun da mu a jami'a muke shan wuya kafin mu iya bayyana shi. Ya san bambancin "ya sayi hatsi", "ya sayo hatsi", "ya saye hatsi", "ya sayar da hatsi" da "hatsi ya sayu". Parsons sai da ya zauna ya tsara wanga abu giredi bakwai a 1960, yaron kuwa a bayan uwarshi ya ɗauke shi. Kunnenshi na raba gari na zama da gari na tuwo ta tsawon wasali, ko da yake a rubuce kamanninsu guda. Wanga mutum ne muke amsa a ƙofar lakkol mu ɗauke shi tamkar tulun da ba komi ciki. A da har sambol ake rataya mishi in ya kuskura ya yi harshen uwarshi, wanda sambol ya kwana hannunshi ya sha bulala. An ce an daina. Wurare da dama katakon ne kawai aka jefar, tsoron na nan.

Sannan mu ce ya koyi abu biyu a lokaci guda: yadda alama bisa takarda ke tsaya wa sauti, da kuma harshen da bai taɓa ji ba. Harshen ma wanda sauti guda, o, ana rubuta shi o, au, eau, ot, aux. A hausa kuwa, in ka cire tsawon wasali da karin sauti da ba mu alamtawa, kusan kowane harafi sautinshi guda ne, yaro na iya kama karatu cikin ƴan watanni. In ya kama, ya kama har abada, don ba a koyon karatu sau biyu, sabbin ƙa'idoji kawai ake ɗorawa. Allunan bakin hanya kaɗai sun isa darasi. Ka sa yara su rubuto Tahoua, Tessaoua, Guidan Roumdji, su rubuta Tawa, Tasawa, Gidan Rumji a gefe, su da kansu za su gano mi "ou" ke yi a faransanci da dalilin "u" ɗin da ke bayan "g". Burundi, inda ake fara karatu da kirundi, ita ta zo gaba a ƙananan azuzuwa cikin gwajin 2014 ɗin da muka zo ƙarshe.

Abin takaici, mu ne muka riga mutane da yawa sani. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai hausa da faransanci a Damagaram, daga baya aka faɗaɗa zuwa zabarmanci, fulatanci, tamajak da barbarci. Binciken da aka yi musu ya nuna yaransu sun fi iya karatu, sun fi magana a aji, kuma zuwa ƙarshen firamare faransancinsu bai kasa na takwarorinsu ba. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. A 1999 aka tsaida ƙa'idar rubutunsu. Ga kundin watan Maris na 2025 ya ɗaga hausa ya zama harshen ƙasa, ya maida faransanci harshen aiki. Takardu dai ba mu rasa ba. Amma gwajin da aka fara kafin a haifi uwayen wasunmu, shekara 50 da ɗoriya, har yau mafi yawan yaran ƙasar ba su gan shi a ajinsu ba. Kuma kar wani ya juya mini magana: ban ce a ɗora wa ɗan Tilaberi ko ɗan Difa hausa ba. In aka yi haka an canza bulala ne, bayan da ake duka bai canza ba. Harshen da yaro ke mafarki da shi nake nufi, ko wanne ne.

Akwai wasu mutane da ya kamata a ce muna gefe guda da su, amma sun fi ƴan bulala ɓata mana magana. Su ne ƴan taron ƙara wa juna sani. An yi APC, an koma APS, kowane da littafinshi da kalmominshi. A tara malamai kwana biyar a babban ɗaki, wani ya tsaya gabansu ya yi ta karanto musu daga safe har la'asar cewa kar malami ya cika magana. Su kwafe cikin kaye. A raba kuɗɗin zama, a watse. Malami ya koma ƙauye, ranar da ya ji mai duban aiki na tafe sai ya juya bancina yara su fuskanci juna, ya naɗa shugaban gungu da mai rubutu, sannan ya tsaya a tablo ya yi dikte yadda ya saba. Aikin gungu ya zama jeren kujeru. Irin wanga wasan kwaikwayo ne ke sa malamai na gari su ce duk maganar ƙarya ce, kuma ban ga laifinsu ba.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa. Za a ce wannan tsarin ƴan gata ne, ka je ka yi shi da yara 90 cikin rumfar zana. Gaskiya ne halin da ake ciki ya munana. Ba mu manta yaran da wuta ta cinye cikin azuzuwan zana a Yamai watan Afrilu na 2021 ba, da na Maraɗi watan Nuwamba na shekarar, kowane wuri aƙalla 20. Wanda ke koyarwa cikin irin wanga ɗaki, albashinshi na makara, ba ni da bakin yi mishi wa'azi. Amma a juya lissafin. Yara 90, malami guda, in shi kaɗai ke magana kuma shi kaɗai ke duba amsa, sau nawa kowane yaro zai buɗe baki a sati? In ya raba su biyu-biyu, wannan ya karanta wa wannan, nan take mutum 45 ke karatu da baki a lokaci guda. Yawan yara hujja ce a gefena. Kayan aiki kuma, kara ne da tsakuwa da marfin kwalba da tiya da igiya. Célestin Freinet, wanda ake yawan kiran sunanshi a makarantun horon malamai, a wani ƙauyen talakawa na kudancin Faransa ya fara aiki a 1920, da raunin yaƙi a huhunshi wanda bai barin shi dogon magana. Ya riƙa fita yawo da yara cikin gari, su dawo su rubuta abin da suka gani, a 1924 ya shigo da ƴar na'urar ɗab'i aji suna buga rubutunsu da hannunsu suna aika wa wata makaranta. Ɗan littafin da ke hannunku yanzu, da fotokopi da ƙusar sitepla, ɗan'uwan wancan ne.

Za a ce kuma ai dabarar nasara ce, mu al'adarmu yaro saurare yake. Wace al'ada? Ku je maƙera ku ga ko akwai maƙerin da ke zaunar da ɗanshi ya yi mishi dikten yadda ake lauje. Zuga-zugi ake fara ba shi, ya yi shekara yana kallon launin wuta, sannan a miƙa mishi guduma ya ɓata ƙarfe a gyara mishi. Haka tela, haka dukawa, haka yaran garaji, haka ɗiya mace a gindin murhu. Jeren bancina da mutum guda a gaba yana magana, shi ne baƙon da ya zo da mulkin mallaka, kuma an kawo shi ne don a samu masu tafinta da magatakarda. Mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, ya rubuta littafi guda a kan ilimi a Afirka tun 1964. A ciki ya nuna yadda tarbiyyar gargajiya ke haɗe da aiki da rayuwar jama'a, ya yi kira a koyar da harsunan Afirka. Shi kanshi masanin kimiyya ne da ya ƙare rayuwarshi yana ƙera na'urorin aiki da zafin rana. Muna wucewa ƙarƙashin sunanshi kullum, ɗalibai nawa suka taɓa buɗe littafin? Masu kawo makarantar allo hujja kuma, su tuna hadda can manufarta adana nassi ne harafi da harafi, kuma ta dace da manufarta. Ko can ɗin almajiri shi ke dafa tawadarshi, ya feƙe alƙalaminshi, ya rubuta allonshi, kowa na tafiya gwargwadon ƙarfinshi, babba na biya wa ƙarami. Lissafi da kimiyya ba nassi ba ne da za a adana.

Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi na uwaye ne. Manomi ya ce: ni na kai ɗana lakkol don ya tsere wa hauya, ku kuma kun maido mini shi gona yana awon zangarniya, kuna yi mishi hausar da ya baro gida. Tsoronshi na da tushe. A Haute-Volta, Burkina ta yanzu, an buɗe cibiyoyin ilimin karkara a farkon shekarun 1960, ɗiyan talakawa na noma, ɗiyan birni na karatun da ke kai mutum ofis, uwaye suka gane wayon suka guje su. A Gine an koyar da harsunan ƙasa daga 1968 ba tare da isassun littattafai da horon malamai ba, Sékou Touré na mutuwa a 1984 aka watsar. Duk tsarin da manya ke yaba wa ɗiyan wasu alhali nasu ɗiyan na makarantun kuɗɗi, talaka na da gaskiya in ya yi mishi kallon tuhuma. Abin da zai gamsar da wanga uba guda ne: ya ga ɗanshi ya karanta mishi takardar asibiti, ya kuma ci jarrabawar da ɗan birni ya ci. Yaron kawu da ya auna zangarniya bai koyi noma ba a ranar, ya iya shi tun da. Ya koyi jera lambobi, kwatanta su, da kare magana da hujja. Da waɗannan ake zama likita.

Kuma kar a ɗauka cewa nake malami ya koma gefe ya naɗe hannu. Ba yaron da zai gano da kanshi cewa wannan alama "ɓ" ce, sai an nuna mishi, an maimaita, an sake maimaitawa. Gidajen ruɓanyawa sai an hardace su bayan an gane su. Kawu na bayani, wani lokaci dogo ma, sai dai yana jinkirta shi har tambayar ta tsiro a kan yara. Wannan ya fi dikte wuya nesa ba kusa ba. Mai dikte shafi guda kawai yake buƙatar ya riga yara. Wanda ya buɗe ƙofar tambaya dole ya san abin sosai, ya kuma iya cewa "ban sani ba, mu bincika" gaban yara 70 ba tare da ya ji girmanshi ya zube ba. Gwajin da aka yi wa malaman kwantaragi a 2017, inda kusan kashi ɗaya cikin uku kawai suka samu matsakaicin maki, ya nuna inda ciwon yake. Amma su wa suka koyar da malaman nan? Ajin shiru ne ya haife su. Wanda bai taɓa yin tambaya yana ɗalibi ba, tambaya tsoro za ta ba shi in ya zama mushe.

A nan ne maganar ta iso ƙofarmu. A bara wani malaminmu ya ce ba zai ba da polikop ba. Ya ce kowa ya ɗauki salularshi ya je kasuwa ko tasha ya ɗauko hirar minti biyar da izinin masu ita, ya rubuta ta yadda aka faɗe ta, ya fiddo kalmomin aro ya nuna yadda hausa ta tanƙwara su: yadda "l'école" ta zama lakkol, "monsieur" ya zama mushe, "cahier" ya zama kaye. Kun san abin da ya faru? Wasu suka tashi wakilai a je a roƙe shi ya yi kur "kamar kowa". Wai ba su san abin da zai fito a jarrabawa ba. Wai shi ake biya, don mi su za su yi aikin. Waɗannan su ne gobe za su tsaya gaban taro su yi ta ihun a ƴantar da ilimi daga tunanin mulkin mallaka. Ana ba su ƴancin a hannu, sun ce a maido musu dikte. Shafi 40 a hardace daren jarrabawa, a zazzage da safe, a manta kafin azahar, a ci maki 14, a kira shi digiri.

Kuma da yawanmu, masu so da marasa so, aji za mu ƙare. Wasu bautar ƙasa za ta kai su kwalej, wasu kwantaragi, wasu makarantun kuɗɗi na unguwa, wasu tun yanzu suna koyar da ɗiyan mutane a gida da marece don su cika kuɗɗin abinci. Ranar da aka miƙa maka alli, abin da aka yi maka shi hannunka zai fara yi, sai in ka taɓa gwada wani abu dabam. Shi ya sa nake kawo wa ƙungiyarmu shawara. Hutu mai zuwa, duk wanda ya koma gida ya tara yaran unguwa goma ko sha biyar, sau biyu a sati. Kar ya ɗauki littafin aji. Ya sa su auna rijiya, su ƙirga ribar talla da dala da faran, su tambayo kakanninsu sunayen itatuwan da suka ɓace daga dajin garin, sannan kowa ya rubuta layi biyar da harshenshi, ko da kuskure, a karanta wa juna a gyara tare. Ku kawo mana rubutun yadda yake, da sunan gari da shekarun yaro kawai. Mu ware musu shafi huɗu na tsakiya a fitowa ta gaba, kowane yaro a maida mishi kwafi guda. Kuɗɗin fotokopin, in muka kai mu ashirin, jika guda-guda ta ishe mu.